Shekarar da Shamuwa Ba Ta Sauka Danchadi Ba

Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhun kakarmu, Inna Ige, tana gasa mana gyaɗa tana tatsuniya. Wadda ta fi so ita ce ta shamuwa, tsuntsuwar da ke yin sheƙa a tsamiyoyin bakin fadamarmu gab da damina. A Danchadi ba a jifanta, ba a taɓa ƙwanta. Inna kuwa ba ta zuba iri a gona sai ta ga shamuwa ta sauka.

A tatsuniyar, wani sarki ne ya so baƙi su zo kallon shamuwar garinsa. Ya sa aka sare bishiyar da take kwana, aka kafa wa baƙin rumfa da itacen. Shamuwa ta yi fushi ta tafi da ruwan sama, sai da sarki ya dasa wata bishiyar ya ba ta haƙuri ta dawo. "Wanga sarki ba mugu na ba, ɗiyana," in ji Inna, "wawa na." Mu yi ta dariya.

Zamanin farar hula na biyu dariyar ta ƙare. Wasu ma'aikata suka zo a mota, wai za a gina masaukin masu yawon buɗe ido, su riƙa kallon tsuntsaye. Don a hango fadama daga baranda, suka sa gatari a tsamiyoyin! Inna ta tare babbansu.

"Ranka shi daɗe, in kunka sare ɗakin shamuwa, mi baƙin za su gani?"

"Tsohuwa, ci gaba ne," ya ce, ko kallonta bai yi ba.

Aka shiga tsuke bakin aljihu, ɗan kwangila ya gudu, gini ya tsaya ba rufi. Ko baƙo ɗaya ba mu gani ba. Inna ta yi ta duban sama har damina ta yi nisa, shamuwa ba ta sauka ba. Ta yi shuka a makare, geronta bai nuna ba, muka shekara muna cin tafasa da ƙuli.

Da muka sake roƙon tatsuniyar, ta tsaya daidai inda shamuwa ta tafi. Na ce, "Inna, saura dawowarta."

"Ba ta komo ba. Ku tashi ku kwanta."

Yau ni malami ne, kuma na yarda baƙi masu kallo kan sa a tsare daji. Amma duk sanda na wuce kangon nan, inda awaki ke kwana, raina sai ya ɓaci. Ran nan na fara ba jikata tatsuniyar, ta katse ni: "Kaka, mece ce shamuwa?"