Jirgin da Ya Ƙwace Mini Inna

Ni ce 'yar fari a wajen Inna, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in a gaban mutane ne kuma, "waccan". Ƙanwata kuwa, autarmu, har waƙa Inna take yi da sunanta. Haka aka saba a gidanmu a Maraɗi, ban kuma ɗauki abin da zafi ba sai da na yi aure, na zo Amurka, na haihu a Greensboro a farkon shekarun dubu biyu.

Ni na yi ɗawainiyar zuwan Inna, daga neman biza har tarbarta a filin jirgi. Lokacin maigidana yana tuƙa babbar motar kaya, ni kuma ina aiki a gidan kula da tsofaffi. Mun samu gida a McLeansville, gabas da birni, mai fili gaba da baya da manyan itatuwa. Na ware mata ɗaki guda, na sa sabon labule, na shimfiɗa darduma mai taushi. So nake ta gani da idonta cewa wadda ba ta kiran sunanta ta yi abin kai.

Ta yi mini wankan jego yadda ya kamata. Babu ganyen darbejiya, sai ta riƙa tsoma tawul a ruwan zafi tana gasa mini jiki, ta dama kunun kanwa ta tsaya a kaina sai na shanye. Amma da na yi arba'in na koma aiki, sai gidan ya zame mata kurkuku. Nakan fita tun safe, maigidana yana kan hanya, sai ita da jaririya. In na dawo, a bakin taga nake samunta.

Wata rana ta ce, "Wai garin nan ba mutane ne? Tun safe ban ga mai tafiya da ƙafa ba."

Na ce, "Suna cikin mota, Inna."

Ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Auta tana zaune a Bronx, a birnin New York, tana kitso a wani shago a Harlem. Na taɓa zuwa gidanta. Ciki da falo ne a can saman bene, tagarta tana kallon hanyar jirgin ƙasa da aka ɗora a kan ginshiƙan ƙarfe, in jirgi ya wuce har kofuna sai sun yi rawa a kan tebur. Da ta matsa a kai mata Inna su gaisa, ban hana ba. A raina na ce, mako ɗaya ya isa, da kanta za ta ce a zo a ɗauke ta. Na kai jaririya raino wajen wata 'yar ƙasarmu a cikin gari, maigidana ya kai Inna.

Sai da ta yi kusan wata. Ranar da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta fara ba ni labarin jirgi.

A lokacin birnin yana sauya jiragen da ke zirga-zirga da mutane a cikinsa. Tsofaffin jajaye ne, sun ci tsatsa, ana janye su kaɗan-kaɗan. Sababbin masu ruwan azurfa ne, cikinsu fes da haske. Inna, wadda ƙasarmu ko taku ɗaya na layin dogo ba ta da shi a lokacin, ta haddace bambancinsu kamar yadda take bambanta geron bana da na bara.

"Tsohon, mutum ne ke magana a ciki, ba ka jin komai sai gunguni. Sabon kuwa, jirgin ne da kansa yake magana. Mace ce ke faɗin inda aka zo, a hankali, da ladabi. In za a rufe ƙofa sai namiji ya daka tsawa a matsa. Kamar dai a gida." Ta yi dariya har da tafa hannu. "Kuma akwai fitilu a jere sama da taga. Duk tashar da aka wuce sai fitila ɗaya ta mutu. Ni da ban yi lakwal ba balle in iya karatu, da su nake gane wurin saukata. Ni kaɗai nake kai wa yarinyar nan abinci shago."

Na ce, "Ke kaɗai? Ta bar ki ke kaɗai a cikin garin nan?"

"Sau biyu ta raka ni, na uku na ce ta zauna."

Nan take na ɗauki waya. Na kira Auta na yi mata faɗa, na ce in Inna ta ɓata me za ta faɗa wa dangi. Ta ce, "Yaya, Inna ta fi ni sanin hanya yanzu. Ke dai kin ajiye ta kamar kayan ado." Na kashe wayar ban yi mata sallama ba.

Daga nan na shiga gasa da abin da ba shi da rai. Ranar hutuna na sa Inna a mota na zaga da ita. Na kai ta manyan shaguna, ta ce sun yi kyau. Na kai ta Pleasant Garden gidan wata ƙawata don ta ga gidaje, ta ce masu gidajen suna ina. Akwai layin dogo da ya ratsa kusa da unguwarmu, sai wata la'asar muka tarar an tare hanya, jirgi zai wuce. Na ji daɗi kamar ni na ƙera shi.

Na ce, "Inna, ga namu jirgin."

Ta leƙa, ta bi taragu da ido, baƙaƙe, babu taga, babu mutum. Da ya gama wucewa ta gyara zama ta ce, "Wannan ai na kaya ne."

Na kai ta tashar bas a tsakiyar gari, wai ko za ta koyi shiga. Muka zauna a benci muna jira har jaririya ta farka ta fara kuka. Da na tambaya, aka ce ai bas ba ta zuwa wajenmu ko kusa. Muka tashi muka koma mota.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne ranar wani suna a gidan wani Alhaji ɗan Damagaram. Matan garinmu sun cika falo, ana cin shinkafa, aka zagaye Inna ana tambayarta yadda ta ga Amurka. Ina tsaye da faranti a hannu ina jira ta ambaci gidana, ko ɗakinta, ko jikarta. Sai na ji tana ba su labarin wai tsofaffin jiragen nan cikin teku ake zuba su, kifaye su yi gida a ciki. Mata suka yi ta salati. Ta kira sunan Auta ya fi a ƙirga: Auta ce ta saya mata katin shiga, Auta ce ta nuna mata yadda ake goga shi a ƙofa. Wata Hajiya ta juyo ta ce mini, "Ashe ƙanwarki tana cikin daula." Na yi murmushi, na shiga kicin na tsaya gaban famfo ina wanke farantin da ba datti a jikinsa.

Bayan 'yan makonni, ina shirin fita aiki, Inna tana goye da jaririya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Yarinyar nan ta yi ƙwari. Ko ba ni, za ta zauna."

Na gane. Saura wata biyu bizarta ta ƙare, kuma ba a gidana take so ta cinye su ba. Na ce ni zan kai ta da kaina. Ina so in ga kishiyar tawa ido da ido.

Na bar jaririya wajen mai rainon nan, muka isa Bronx ranar Juma'a da yamma. Washegari Auta ta fita shago da sassafe. Da hantsi Inna ta dafa dambu, ta zuba a kwano, ta ɗaure da ɗankwali, ta ce in taso. Ita ce a gaba. Matar da a gidana sai na riƙe mata ƙofar mota, ga ta tana hawa matakalar ƙarfe tana gaisawa da wata mai sayar da turare 'yar Mali, da hannu da ka, ba yare ɗaya tsakaninsu.

Jirgi ya iso, ja, yana ƙara. Na yunƙura zan shiga, sai na ji an kama mini wuyan hannu.

"Ba wannan ba. Tsaya namu na zuwa."

Ban tuna rabon da Inna ta riƙe hannuna ba. Ba ta sake shi ba har sabon ya zo, ya tsaya ba hayaniya, ƙofofinsa suka buɗe. Muka zauna. Gaskiya ne, yana da kyau. Na nemi aibinsa ban samu ba. Muryar macen ta yi magana, Inna ta maimaita sunan tashar da irin nata lafazin, ta nuna mini fitilun da haɓa. Gidaje suna wucewa ta ƙasanmu, sannan muka nutse cikin rami. Fuskarta a sake take, irin yadda na san ta ranar kasuwa a gida.

Na ce, "Inna, me na rage ki da shi a gidana?"

Tana kallon fitilun ta ce, "Ba ki rage ni da komai ba. Can komai yi mini ake. Nan ni nake yi." Sai ta miƙe ta kama ƙarfe. "Tashi, mun zo."

A shago Auta ta taso da guntun gashi a hannu ta rungume Inna, kamar ba da safe suka rabu ba. Suka buɗe kwano suna ci suna gardama a kan wata mai kitso da ta yi fushi jiya, mutanen da ban sani ba, labarin da ba ni a ciki. Aka ba ni kujera da cokali kamar baƙuwa. Ranar Lahadi na kama hanyar Greensboro ni kaɗai. Daga New York Inna ta tashi zuwa gida, Auta ce ta raka ta, ni a waya muka yi bankwana.

Shekaru bayan haka na je Maraɗi ganin gida. Inna ta tsufa, ƙafa ta fara ba ta wahala, amma ashe ta riga ta cika unguwa da labari. Ina zaune a tsakar gida wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta shigo yi mini barka da zuwa. Ta ƙura mini ido, ta riƙe hannuna biyu, ta ce, "'Yar nan, ke ce ta garin jirgin nan mai magana?"

Na ce, "A'a, Iya. Ni ce ɗayar."