Malam Ma'aruf Mai Kiwon Fararen Ɓeraye

Malam Ma'aruf mutumin garin Babban Mutum ne, manomin gero da wake, amma abin da aka fi saninsa da shi tun yana saurayi shi ne kiwon zomaye da ɓerayen Masar. Akurki shida ya gina da hannunsa a bayan gida, kuma in cuta ta shigo gari ta share zomayen maƙwabta, nasa sukan tsira. Yana da shekara hamsin da biyu wata mata ta yi sallama a ƙofar gidansa ta ce aiki ta kawo masa.

Sunanta Dakta Haulatu, 'yar cikin garin Daura ce, ta karanci ilimin magunguna. Ta samu an ba ta wani ɗan ɗakin bincike a bayan gari, kan hanyar Kongolam, ta sa aka kawo mata fararen ɓeraye arba'in daga Kudu. Cikin wata biyu goma sha ɗaya sun mutu, matan kuma in sun haihu sai su cinye 'ya'yan.

Washegari ya hau babur ya je. Ya jima a tsaye yana kallon kejin, ya damƙi dusar katakon da aka shimfiɗa musu ya shinshina.

"Dakta, dusar nan a jiƙe take. Sannan kejin masu jego yana bakin ƙofa, kowa ya shigo sai ya leƙa su. Mai jego ba ta son ido."

"Za ka iya riƙe mini su, Malam?"

"Ban taɓa kiwon irinsu ba, amma dabba ce. Zan gwada."

Haka ya fara. Yakan zo Daura ranar Asabar, ya sauka gidan ƙaninsa kusa da Kusugu, ya koma gida ranar Alhamis da la'asar. A majalisa abokinsa Mainasara ba ya barinsa ya huta, kullum sai ya ce, "Jama'a na ɗana wa ɓera tarko, Ma'aruf na dafa masa ruwan sha." Shi dai dariya yake yi, don gaskiya ne, sai an tafasa ruwan an bar shi ya huce ake ba su.

Sai da ɓerayen suka yi ƙiba suka hayayyafa sannan Dakta ta zaunar da shi ta faɗa masa abin da za a yi da su. Ta ce akwai ƙarin ruwan da ake yi wa masu ciwon daji, yana kashe cutar amma yana taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa. Mutum ya warke, ya rage da zugi da raɗaɗi. Za a yi wa ɓerayen allurar wannan magani kaɗan, in tafin ƙafarsu ya fara ciwo sai a gwada magungunan kashe zafi iri uku, a ga wanda zai yi aiki.

Malam Ma'aruf ya ce, "Kamar mutum ya taka garwashi? Ko ruwan randa ya taɓa ƙafar sai ya ji kamar an soka allura?"

"A ina ka san haka?"

"A ɗakina."

Matarsa Kubura ta yi ciwon dajin mama shekara uku kafin nan. An yi mata aiki a Kano, an yi ƙarin ruwan sau shida, Allah ya ba ta lafiya. Amma tun lokacin ba ta iya taka ƙasa ba safa, kuma allurar ɗinki kan zame daga yatsunta. Sun yi rubutu, sun yi hayaƙi, duk a zatonsu sanyi ne ya kama ta. Sai ranar nan ya san asalin abin.

Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba. Shi ya raini ɓerayen nan, yanzu kuma shi zai riƙe su a sa musu ciwon da ya san zafinsa. Bayan sallar Juma'a ya tare limamin unguwarsu ya kwashe komai ya gaya masa. Liman ya tambaye shi ko don wasa ake yi, ko akwai wata hanyar da za a gane maganin ba tare da dabbar ba. Ya ce babu, a iya abin da aka gaya masa. Liman ya ce to, in don neman magani ne, a yi, amma kada a wuce gwargwadon buƙata, kuma ci da shansu da jin daɗinsu amana ce a wuyansa.

Gwajin kansa ba shi da hayaniya. Ana ɗora ɓera a kan raga, a bar shi ya natsu, sannan a taɓa tafin ƙafarsa ta ƙasa da wani siririn zare mai kama da gashin wutsiyar doki. Lafiyayyen ɓera ba ya kulawa. Mai ciwo kuwa sai ya janye ƙafar ya lashe ta. Da Dakta ta ga a hannunta sai ɓera ya yi rabin awa yana zarya, a hannun Malam Ma'aruf kuma minti goma ya isa, sai ta bar masa zaren, ita ta riƙe biro. Kwalaben maganin lamba kawai aka rubuta a jikinsu, ba ta yarda ya san wanne ne wanne ba, don kada son ransa ya shiga hannunsa.

A mako na uku da fara gwajin, cikin tsakiyar bazara, wuta ta ɗauke tun hantsi, janareta kuma ya ƙi tashi. Dakta tana Katsina wurin taro. Kafin azahar ɗakin ya ɗauki zafi, ɓerayen sun baje a ciki suna haki. Malam Ma'aruf ya ruga gidan ƙaninsa ya kwaso buhunan algarara da tukwanen ƙasa huɗu. Ya jiƙa buhunan ya rataya a tagogi, ya cika tukwanen da ruwa ya jera kejin a jikinsu, ya tsaya yana fifita da murfin kwali har bakanike ya iso bayan la'asar. Biyu suka mutu. Da ya gaya wa Dakta a waya, ta ce ita da ta ji labarin wutar ta riga ta fidda rai da aikin wata huɗu.

Da aka gama aka buɗe lambobin, magani na farko bai yi komai ba. Na biyu, wanda aka tato daga wata saiwa da Dakta ta fi sa wa rai, barci kawai ya sa su. Na uku, wani tsohon magani da aka riga aka sani, shi ya rage ciwon kusan rabi.

"Ke nan Kubura za ta iya sha?"

"Ba ni zan ce ba, Malam. Abin da ya yi wa ɓera ba lallai ya yi wa mutum ba. Amma zan rubuta maka takarda ka kai wa likitanta, shi ya san jikinta."

Likitan ya duba ta, ya ɗora ta a kan wani magani da ya ga ya fi dacewa da ita. Zugin bai tafi duka ba, har yau da safa take yawo, amma ta koma ɗinkin hula.

Bayan ƙaramar salla ta ce ita fa sai ta ga dabbobin nan da suka raba ta da mijinta kwana biyar a mako. Ya goyo ta a babur suka zo. Dakta ta ba ta farar riga da abin rufe hanci, ta ce, "Shigo, Inna, amma a hankali." Kubura ta sunkuya ta daɗe tana kallon wani da ke wanke fuska da hannuwansa.

"Ashe haka suke 'yan mitsi-mitsi. Malam, wannan ma ƙafar tasa na ciwo?"

"Ta yi, yanzu ta yi sauƙi."

"Sannu," ta ce wa ɓeran. Ta miƙe ta cire abin hancin, ta ce a kai ta gidan ƙanin mijinta, matarsa ta yi alkawarin soya mata waina kafin azahar.