Amshin da Aka Hana 'Yardada

A Yakasai kowa ya san 'Yardada mai daddawa, amma da za ka ce wa mutanen unguwa tsohuwar nan zabiya ce, dariya za su yi maka. Shekara tara tana zaune a lungunsu, ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya ko da a kan akuyar da ta sa mata baki a faifai. Kwana shida na mako tana gefen Kasuwar Kurmi da kwandonta, daga gaisuwa sai miƙa daddawa. Ranar Lahadi da sassafe ta ƙunshe zanen Zumuntar Mata a leda, ta yafa mayafi irin na kowa, ta fita ta Ƙofar Wambai ta hau adaidaita zuwa Sabon Gari. Can, a wata majami'a da ake sujada da Hausa, ita ce mai bayar da waƙa, mata kusan saba'in suna amsa mata.

Daga wani ƙauye ta fito wajen Sumaila. Ubanta Bamaguje ne da ya bi 'yan mishan, ita kuwa ta tashi ta tarar da majami'ar kara a bayan gidansu. Ba ta taɓa zama a aji ba. Amma ka faɗa mata lambar waƙa daga littafi, kafin masu karatu su gama lasar yatsa suna buɗe shafi ta kai baiti na biyu. Tun tana budurwa take kaɗa tulu, irin wanda ake huda wa ciki a riƙa buga bakinsa da tafin hannu, har tafinta ya yi kanta. Waƙoƙin da ta ƙaga da kanta kuwa, ita ma ba ta san yawansu ba.

Haihuwa shida ta yi, ɗaya ta tsaya, 'yar fari, Uwani. Kowa ya san alkunyar 'yar fari. 'Yardada ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba, sai dai "yarinyar nan", ko "waccan", ko "ke". Ba ta taɓa yabonta a gaban mutane ba, ba ta taɓa zama da ita a tabarma ɗaya a bainar jama'a ba. Da Uwani ta girma ta shigo birni aikin gida, ta haɗu da Abdulbaƙi, baduku a Kurmi, ta musulunta da ƙafarta, ba wanda ya ja ta, suka yi aure. Ƙauye ya ɗauka. Aka ce wa uwar ta yi mata baki, ta ƙi. Aka ce to ta ce wani abu mana, nan ma ta ƙi. Da mijin 'Yardada ya mutu, ciwon ƙoda kuma ya fara cin Uwani, sai ta tattara 'yan komatsanta ta taho Yakasai jinya. Abdulbaƙi ya ba ta ɗaki, ya roƙe ta abu ɗaya cikin ladabi, kansa a sunkuye:

"Inna, don Allah ban da waƙa a cikin gida. Kin san unguwa."

Ta ce, "Na ji, Malam." Kuma ta cika.

Uwani ta rasu wata Talata da hantsi, kanta a kan cinyar uwarta. Matan gida suka shigo, suka ɗaga tsohuwar a hankali suka fitar da ita tsakar gida, domin wanka na Musulmi ne. Ba wanda ya zage ta, gaskiya ɗaya ce. Kujera ma aka ba ta. Tana zaune a kai aka fito da makara aka wuce ta gabanta. Ranar sadakar uku wata dattijuwar maƙwabciya ta dafa ta, da niyyar lallashi wai, ta ce, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah. Ai Allah ya so ta, tunda ya tsamo ta daga cikinku kafin ya ɗauke ta." Sauran matan suka ce haka ne. 'Yardada ta ce ta gode.

A bakin kwandon daddawa waƙar ta zo mata, ba ta neme ta ba. Ta yi ta juya ta a maƙoshi mako biyu, leɓe a rufe. Waƙar gajera ce. Mai bayarwa ta ce, "Uwani ta taho da rana tsaka, ƙafa ba takalmi," jama'a su ce, "Uba, buɗe mata." Ta ce, "Ba ta gane ƙofar ba, ni ce ban nuna mata da kyau ba," su ce, "Uba, buɗe mata." Haka har baiti bakwai, kowanne da sunan a ciki. Abin da take so bai wuce wannan ba: ta faɗi sunan 'yarta da ƙarfi a gaban Allah sau ɗaya a duniya, mutanenta su amsa mata. Waƙar da ba a amsa ba, a wajen 'Yardada, surutu ce kawai.

To, a lokacin majami'ar ta yi sabon fasto, Fasto Haruna, yaro ne ɗanye daga makarantar tauhidi, mai ilimi, mai tsare gida. Ya kafa doka: duk sabuwar waƙa sai an rubuto ta an kawo masa ya duba kafin a rera. Ina 'Yardada ina rubutu? Ba wanda za ta iya faɗa wa kalmomin nan ido da ido sai wanda ya yi rashin tare da ita. Ta sami Abdulbaƙi a zaure ta faɗa masa, ba da kari ba, kamar mai ba da saƙo. Ya ɗauko takarda da alƙalami ya rubuta da irin rubutun da ya iya, na allo. Da ya zo kan sunan, hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba.

Ranar Alhamis, ranar koyon waƙa, ta miƙa wa Jamila takardar. Jamila ita ce shugabar zumunta, malamar asibiti, wadda 'Yardada da kanta ta koya wa riƙe tulu. Tana warwarewa ta ga ajami, sai ta sake ta ƙasa kamar ta taɓa garwashi.

"Iya, laya kika kawo mana cikin ɗakin Ubangiji?"

Mata suka yi caa. Wata ta ce dama zaman cikin birnin nan ba banza ba. Wata ta ce mai kwana da kura ai sai ya koyi dariyarta. Fasto Haruna ya shigo ya tsinci takardar. Shi ya iya karanta ajami, an koya musu a makaranta. Ya karanta a fili, baiti bayan baiti, da muryar mai karanta sanarwa. Haka sunan da uwar ta yi shekara arba'in tana ɓoyo ya fara fita a majami'a, daga bakin wani.

Ya ninke takardar ya ce, "Iya, ba laya ba ce, amma ba za a rera ta ba. Abin da jama'a suka rera, shi suke gaskatawa. Wa'azina kafin Laraba sun manta, waƙarki kuwa har jikokinsu. Mu ba ma yi wa matattu addu'a. Bayan mutuwa sai shari'a. Sannan 'yarki ta san hanya, ta bar ta da idonta biyu."

'Yardada ta ce, "Fasto, ɓarawon nan da aka gicciye tare da Ubangiji fa? Ba a ƙurarren lokaci aka buɗe masa ba?"

"Shi ya roƙa yana da sauran numfashi."

"Da numfashin yarinyar nan zai fita, kai ne a wurin ko ni?"

"Ta kira sunan Yesu? Ki faɗi gaskiya, Iya, a gaban Allah muke."

Da ta yi ƙarya da an wuce wurin. Kalma ɗaya ce, kuma wa zai je kabari ya tambayo? Amma tsohuwar nan ba ta iya ba. Ta ce, "Ruwa ta ce in ba ta."

Fasto ya ce to ta gani. Ya miƙo mata takardar, ya ce Allah ya ba ta haƙuri, kuma har zuciyarsa yake nufi, abin da ya fi ciwo ke nan. Da ta fita, Jamila ta tara matan ta ja musu kunne a kan amsa waƙar.

Lahadi ta zo. Lokacin baiko, lokacin da mata ke tashi layi-layi suna rangaji zuwa gaba su zuba sadaka, mai bayar da waƙa ke zaɓen abin da za a rera, haka aka saba tun kafin a haifi fasto. 'Yardada ta tsaya a inda take tsayawa, ta buga tulu sau uku, ta buɗe baki.

"Uwani ta taho da rana tsaka, ƙafa ba takalmi."

Ta bar gurbin amshi. Ba abin da ya shiga gurbin sai ƙarar fanka. Mata saba'in, wasu ita ta yi musu waƙar aure, wasu ita ta raka 'ya'yansu kabari da murya, kowacce ta sami abin kallo a ƙasa. Ta sake bayarwa. Wata tsohuwa a layi na uku ta motsa leɓe, ta kusa da ita ta zungure ta. Sai 'Yardada ta amsa wa kanta, "Uba, buɗe mata," ta koma ta bayar, ta dawo ta amsa, numfashi na yanke mata, don ba a gina waƙar don maƙoshi ɗaya ba. Tana baiti na uku Jamila ta yi wa mai jita da mai ganga alama, suka tashi wata waƙa ta littafi da dukan ƙarfin lasifika. Jama'a suka kama da sauri, kamar waɗanda aka ceto daga rijiya. Ana ganin bakin tsohuwar yana motsi har ta kai baiti na bakwai, amma ko na kusa da ita bai ji ba.

Dattawan ikkilisiya suka zauna a ranar. Aka sa ta a horo saboda rashin biyayya: bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, gurasar nan da ake rabawa a sujada, ba zanen zumunta, ba tulu, sai ta tuba. Aka sanar daga bagade, inda fasto ke tsayawa, da cikakken sunanta. Wani zai ce sai ta daina zuwa mana. Ta je ina? A Yakasai ba ta da baki, nan ne kaɗai take da shi. Ta ci gaba da zuwa, tana zama ita kaɗai a dogon benci kusa da ƙofa, inda ake jingine tsintsiya.

A Lahadi ta huɗu, lokacin baiko, ta ji an buga tulu sau uku. Karinta ne, ba ko tantama, har 'yar karyawar da take yi a ƙarshen layi. Ashe Jamila ta ce karin ya yi daɗi da yawa a bar shi ya lalace, ta zauna ta zuba masa wasu kalmomi, aka buga da inji, fasto ya duba ya ce tauhidinsu daidai ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Jamila ta ɗaga murya:

"Mai juya baya ya taho da rana tsaka, ƙafa ba takalmi."

Majami'a duka, maza da mata, ta amsa har kwanon rufi yana rawa: "Ai ƙofa ta rufe."

Waƙar ta kama. Dole ta kama, gwana ce ta gina ta. Mata suna rangaji, tsofaffi suna share hawaye, aka yi ta maimaitawa. 'Yardada ta riƙe bakin benci da hannu biyu. Shekara hamsin ba a taɓa bayar da waƙa a gabanta ta bar gurbi ya tafi a banza ba, jiki kuma ba ya shawara da mai shi. A zagaye na uku ta ji wata murya daga baya ta fi ta kowa ƙarfi da zaƙi tana cewa ƙofa ta rufe, sai da layin ya ƙare ta gane tata ce. Ta toshe baki da mayafi, amma an riga an waiwayo.

Da aka tashi, Jamila ta ratso mutane ta zo ta rungume ta, fuskarta cike da murna ta gaskiya.

"Iya, mun gode wa Allah. Kowa ya ji ki, dattawa ma sun ji, sun ce wannan ai tuba ce. An ɗage horon. Ga tulunki. Lahadi mai zuwa ke za ki bayar mana da ita, don wallahi ba wanda zai iya fitar da ita kamar ke."

Ta ɗora mata tulun a cinya, ta juya wajen masu jiran gaisawa da ita.