Tantin Kwali

A kusurwar shagon katin gaisuwa wata dattijuwa ke zaune da almakashi, yatsunta duk gam. Tana yanka kwali, tana manna ɗan tanti da wuta da taurari, irin katin da masu zuwa kwanan daji don shaƙatawa ke saya. Fuskarta ba fara'a, ba fushi. Sai dai duk tantin da ta gama, sai ta rubuta masa lamba.

"Inna, lambar ta mece ce?" in ji wata mai saye.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "'Yata, tantin da ba lamba ai ba a kawo masa abinci."

Da alama ta zauna a tantin gaske, kuma gudu ne ya kai ta. Ta jawo wani kwalin.