Alhaji Zunnuraini Mai Burtsatse da Bututun da Ba a Binne Ba

Haihuwa da Karatu

An haifi Alhaji Zunnuraini a shekarar 1957 a Kusa, cikin ƙasar Jibiya. Sunan mahaifinsa Malam Ummaru, mahaifiyarsa kuwa Barira. Ya sauke Alƙur'ani a hannun mahaifinsa, ya yi firamare a Jibiya, daga nan ya kama fataucin hatsi zuwa Maraɗi.

Aure

A shekarar 1981 ya auri Amatullahi, wadda ta shaide shi da kunya mai yawa, har ta sha cewa kunyar nan za ta ja masa wata rana.

Sana'ar Ruwa

A shekarar 2005 ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidansa da ke Jibiya, da niyyar daga baya ya ja ruwan zuwa cikin gidajen unguwa. Da yake yana ganin abin kunya ne mutum ya ci ribar ruwa a kan maƙwabcinsa, sai ya yanka wa jarka farashin da bai wuce kuɗin man janareta ba, ya kuma ƙi ƙarawa duk da nasihar uwargidansa. Abin da bai lura da shi ba shi ne, matan aure da tsofaffin da ya yi domin su ba sa fitowa layin famfo. 'Yan garuwa ne ke cika kura da arha, su kai musu har gida a farashin gari. Rangwamen nasa bai taɓa wuce bakin famfo ba.

Ƙarshen Rayuwa

Sai a shekarar 2018 ya farga, ya sayo bututu ya jibge a zaure. Rufe iyaka da aka yi a shekarar 2019 ya karya fataucinsa, kuma da injin rijiyar ya ƙone a shekarar 2023 ba a sami ko sisin gyara a ajiye ba, ruwa ya ƙara tsada a unguwar. Ya ƙare kwanakinsa yana nadamar ƙarin kuɗin jarka da bai yi ba tun yana da hali.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Alhamis cikin watan Sha'aban na shekarar 2024, aka yi jana'izarsa bayan la'asar, aka binne shi a Jibiya. Ruwan da aka yi masa wanka da shi a hannun ɗan garuwa aka saya. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku, Abdulfatah da Mu'minat da Sadiq. Bututun na nan a zaure. Allah ya jiƙansa.