Mek Lijah da Man Kwakwa a Rumfar Jirage

Ranar Lahadi, huɗu ga Nuwamba, 2012, Pok Deraman ya fara yin doguwar magana da Mek Lijah, ko da yake ya daɗe yana cin abincinta. Ita ce matar da ke kafa tebur a ƙofar kulob ɗin tuƙin jiragen ruwa na bakin kogi a Terengganu, ƙasar Malesiya, tana sayar da shinkafa da miyar kifi a ganyen ayaba. Shi kuwa shi ne mai gyaran ƙananan jiragen kulob ɗin, masu tafiya da ƙyallen iska. Ruwan sama ne ya koro ta cikin rumfarsa da tukwanenta, ta same shi durƙushe a cikin jirgi yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

"Pok, mutuwa za ka yi ko aiki?" ta tambaye shi.

"Duk wanda ya riga zuwa," in ji shi. "Matso da tukunyarki can, kada tina ta shiga miyar, a ce ni na kashe miki kasuwa."

Aikin da yake yi ba ɓoyayye ba ne. Kowane jirgi yana da shimfiɗar roba mai kaushi da aka liƙa a inda matuƙi ke taka ƙafa, don kada santsi ya kwashe shi. Rana da gishiri kan cinye ta, sai a ɓanɓare ta a sa sabuwa. Ɓanɓarewar ba ta da wuya. Wahalar tana ga tsohon gam da ke maƙale a ƙasa, wanda sai an jiƙa shi da tina, ruwan nan mai narkar da fenti, a kankare da abin kankara na roba, a sake jiƙawa. Warin tinar ne ya lalata wa Pok Deraman huhu, likita kuma ya ce ya bari.

Sunan Mek Lijah na yanka Halijah binti Embong. Mijinta masunci ne, ya rasu ya bar ta da surukarta tsohuwa. Duk shekara, da zarar iskar damina ta rufe teku, masu cin shinkafa sai su ɗauke ƙafa, teburinta ya zauna banza har watan Maris. A daidai wannan lokaci ne kuma ake jawo jirage tudu ana gyara. Tun kafin ruwan ranar ya tsaya ta ce tana son aikin.

Pok Deraman ya kai ta wurin mai koyar da tuƙi, wata mata mai suna Soo Lan, wadda kowa ke kira Cikgu, wato malama. Cikgu ta dubi hannuwanta ta ce a ba ta jirage huɗu a gani. In sun yi kyau, rumfar tata ce. In ba su yi ba, za a ɗauko mutum daga birni.

Ya nuna mata aikin, sannan ya koma gida jinya. Wunin farko ta yi shi da tina, ta dawo gida kai na sarawa, abinci ma ya ƙi shiga. Washegari ta tsaya tana kallon gam ɗin. Baƙi ne, yana jan zare in an taɓa shi, daidai da danƙon nangka, wannan babban ɗan itace da babu matar garin da ba ta taɓa fasawa ba. Kuma babu wadda ba ta san maganin danƙonsa ba: a shafa man kwakwa a wuƙa da tafin hannu, ya sulale. Ta ɗauko kwalbar manta daga cikin kayan miya, ta zuba, ta bar shi ya sha rana. Gam ya taso yana naɗewa kamar fatar kifi. Ta goge da tsumma har jikin jirgin ya yi ƙyalli, ta liƙa sababbin shimfiɗu, ta murje su da kwalba tun daga tsakiya zuwa gefe, yadda aka koya mata. Ba ta faɗa wa kowa ba, don ba ta ga abin faɗi a ciki ba.

A tsakiyar Disamba iska ta ɗan lafa, aka fitar da jiragen nan huɗu bakin kogi. Mek Lijah tana tsaye a gaɓa ta ga wani ma'aikacin banki mai suna Razlan ya taka gefen jirginsa zai juya, shimfiɗar ta zame da shi gaba ɗaya, ya faɗa ruwa da baya. An tsamo shi da fasasshen leɓe. Sauran ukun suka dawo gefunan shimfiɗunsu a ɗage.

Cikgu ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mek, shinkafarki babu kamarta. Ki tsaya a kanta."

Da aka aika masa, Pok Deraman ya zo da sandarsa. Ya shiga jirgin Razlan, ya shafa wurin, ya kai yatsa hanci.

"Mek Lijah, jirgin nan soya shi za ki yi?"

"Danƙo ne, Pok. Me ake sa wa danƙo?"

"Wuƙarki da kika shafa wa mai, kin taɓa liƙa mata wani abu bayan nan?"

Ya ɗebo ruwa a tafin hannu ya watsa a wurin. Ruwan ya tattaru ɗigo-ɗigo, yana gudu. Ya watsa a jikin wani jirgi da ba ta taɓa ba, ruwan ya kwanta shamɓal. Ya ce inda ruwa ya ƙi kwanciya, gam ma ba zai kwanta ba.

Sai dai akwai abin da ya lura da shi, ya kuma faɗa wa Cikgu a gabanta. Babu ko ɓurɓushin tsohon gam a jiragen huɗu, babu ƙarzuwa ko ɗaya, kuma matar ba ta tari. Ya ce shi da tinarsa bai taɓa fitar da jirgi fes haka ba. Cikgu ta ce tsabta ba ta ɗinke leɓen Razlan ba. Suka ja maganar har ruwa ya sake saukowa. A ƙarshe ta yarda da jirgi ɗaya tak, da sharaɗin ita da kanta za ta gwada shi.

Mek Lijah ta koma kan jirgin kamar tukunyar da ta kama. Ta wanke shi da ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ta ɗauraye, ta watsa ruwa. Ya yi ɗigo. Ta sake wankewa. Haka ta yi ta yi har ruwan ya kwanta ko'ina, har cikin lungu. Ta bar shi ya bushe sarai, ta bi shi da tsumma mai ɗan digon tina, sannan ta liƙa, ta aza buhunan yashi a kai ya kwana.

Cikgu ta fita da shi ranar da kogi ke da ƙarfi. Ta taka, ta murza diddige, ta kifar da jirgin da gangan ta tayar. Da ta dawo ta sa farce a gefen shimfiɗar ta ja, ko motsi.

"Saura jirage goma sha ɗaya," ta ce. "Kuma ki kai wa Razlan shinkafa."

"Leɓensa zai iya yaji?"

"Wannan tsakaninku ne."

Pok Deraman ya rasu a 2016. Mek Lijah ta riƙe rumfar kowace damina har 2021, lokacin da gwiwoyinta suka daina yarda da durƙuso. Yanzu tana zaune wurin ƙanwarta a Marang. Kulob ɗin ya ɗauki wani mutumin garin a madadinta, ita ta koya masa aikin kafin ta tafi.