Keken Ɗinkina a Kasuwar Shagari

Shekarun baya can, ƙarshen mulkin farar hula na biyu, lokacin da ake bin layi kafin a sami sabulu ko gwangwanin madara, ina tela a Bodinga. Rumfata 'yar ƙarama ce a bakin kasuwa, dukiyata kuwa guda ɗaya ce: keken ɗinki baƙi da mahaifiyata ta sayar da saniyarta ta saya mini. Ina goge shi fiye da yadda nake goge fuskata.

Ana gab da azumi na tafi Danchadi taya kawuna cirar albasa. Da na dawo sai na tarar an ɓalle kwado, babu keke, sai zare a warwatse a ƙasa. Na zauna a bakin rumfa kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa, mutane na wucewa suna yi mini jaje. Abin da ya fi cina shi ne yadda zan dubi idon mahaifiyata. Ita kuwa da ta ji, cewa kawai ta yi, "Tashi ka ci tuwo, kai dai ba a sace ka ba."

Na shiga bin kasuwanni. Duk inda na ji ƙarar keke sai na tsaya na kasa kunne, don na sha cika baki cewa ko a cikin dubu zan gane muryar nawa. Na tsare teloli da kallo har wani ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau.

Ranar wata kasuwar Shagari na ga kekena. Ba da murya na gane shi ba, gaskiya, da ƙunar dutsen guga ce da na taɓa yi wa teburinsa. Wani ƙaton mutum na zaune a kai yana fama da wuyan riga. Na yi kukan kura na cafki hannunsa, ni da ko kafaɗarsa ban kai ba.

"Wanga keke nawa na," na ce.

Ya dube ni a natse. "Malam, sake ni mu yi magana. Saye niy yi, kuma ga wanda yas sayar min can."

Ya nuna wata babbar rumfa ta wani dillalin tsofaffin kaya, mai rediyoyi da kekuna da injin ban-ruwa jibge. Kowa ya san shi da araha, kuma ba mai tambayar dalilin arahar. Ƙaton ya tashi da kansa ya raka ni wurin 'yan sanda. A hanya ya gaya mini an sallame shi daga aiki a wani kamfani a Sakkwato saboda tsuke bakin aljihun da ake ciki, ya kwashi ɗan abin da aka ba shi ya sayi keken, ko ya ciyar da ɗiyansa.

Da aka bincika rumfar dillalin, rabin kayan na mutane ne. Wani tsoho ya gane injinsa na fadama, ya rungume shi yana hawaye. Dillalin ya tona asirin saurayin da ke kawo masa kaya, aka haɗa su gaban alƙali.

Ranar hukunci kotu ta cika. Ɓarawon ya sami watanni, dillalin ya sami shekaru. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa fasa ƙofar kowa ba." Alƙali ya ce, "Shi ya fasa ne don ya san rumfarka na buɗe tana jiran shi. In an sake shi kana nan, gobe ma zai fasa." A waje gardama ta kaure, wasu na cewa an yi wa mai iyali tsanani, wasu na cewa ya yi kaɗan. Ni dai kekena nake kallo.

Aka ɗora mini shi a mota. Muna tashi na hango ƙaton nan tsaye a gindin bishiyar bedi, hannu a aljihu. An wanke shi daga laifi, amma bai sami ko kwabo ba.

A gida na shiga ba da labari ina ƙara gishiri, musamman wurin cafkar hannu. Mahaifiyata ta bari na gama, sannan ta ce, "To, shi wancan bawan Allah, mi ɗiyanshi za su ci da azumi?"

Na ce ai ba ni na cuce shi ba.

"Na sani. Amma keke ba ya gajiya, kai ka gajiya."

Kasuwar da ta zagayo na koma Shagari na nemo shi. Da farko ya ƙi, don kunya. Daga baya muka shirya: ni in ɗinka da safe, shi ya hau bayan azahar. Yakan biyo motar 'yan albasa ya zo, ranar da aiki ya yi yawa ya kwana a zaurenmu. Mahaifiyata na aiko mana da kunu da ƙosai mu sha ruwa a rumfa, rediyo na gefe. Abin haushi, kafin shekara ta zagayo ya fi ni iya aljihu da wuyan riga, har masu kawo ɗinki suka koma tambaya, "Ina dogon?"

Sai da ya yi Sallah biyu a rumfata kafin ya sayi nasa, sabo fil daga kanti. Ya koma Shagari, amma zumunci bai yanke ba. Shi ya karɓa mini aure, ni na yi wa ɗansa na ƙarshe huɗuba.

Yanzu in na ji ana muhawara a kan tsananta hukunci ga masu hada-hadar kayan sata, ba na dogon bayani. Na ga yadda rumfa ɗaya ta kusa kashe tukunyar gida biyu, kuma mai rumfar ko gumi bai yi ba. Sai dai abin da ke zuwa mini a rai ba kotun ba ce, azahar ɗin nan ce da nake miƙe wa abokina kujera, yana cewa in matsa in ga yadda ake ɗinki. Ya riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansa. Har yau in na bi ta Shagari sai na rage tafiya daidai inda rumfarsa take, ko da yake masu cajin waya ne a wurin yanzu.